Yaran da Kwamfuta ta Haɗiye

Aikina na farko bayan na gama bautar ƙasa a wani ofishin ilimi ne a Dutse, a shekarun nan da aka fara shari'ar Musulunci, lokacin da gwamnati kuma ta kamu da son kwamfuta. Kowane ofishi sai an kai masa, ko yana da wuta ko ba shi da ita. Namu ya samu guda uku, aka jera su a ɗaki mai fanka biyu, aka liƙa takarda a ƙofa cewa ba a shiga da takalmi. Ni aka ɗauka in kula da su, domin ni kaɗai ne a duk ginin na karanta kwamfuta a jami'a. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura a lokacin. In na bi ta baranda ina jin ana nuna wa baƙi ni ana cewa ga injiniyan nan, ban kuwa taɓa tsayawa na gyara wa kowa maganar ba.

Babban aikin ɗakin shi ne rajistar yaran da za su rubuta jarabawar shiga sakandaren kwana. Makarantun firamare na Kiyawa da Miga da Garki da sauran garuruwa sukan cike fom ɗin kowane yaro, su ɗaure da igiya, su kawo mana. Sai a buga wa ƙunshin hatimin ranar da ya iso. Masu buga takardu su zauna su shigar da fom ɗin ɗaya bayan ɗaya, abin da suka buga a yini ya zauna a fayil ɗin ranar. Bayan la'asar sai a sa furogiram ya kwashe fayil ɗin ya juye a babban rumbu, wanda daga cikinsa ake fitar da jerin sunaye da katin shiga jarabawa. Yaron da ba shi da kati ba zai shiga ɗakin jarabawa ba, ko ɗan wane ne. Wanda ya gama aji shida kuwa ba shi da wani ajin da zai koma ya zauna jiran baɗi.

Furogiram ɗin ba ni na rubuta ba. Wani ɗan kwangila ne ya rubuta shi da harshen kwamfuta da ake kira Java shekara guda kafin zuwana, ya bar mana rubutun a faifai, ya haɗa da yarjejeniya cewa ranar da muka canja ko harafi ɗaya a ciki, shi ya wanke hannunsa. Daraktanmu, dattijo mai tsantseni wanda ya koyar shekaru da yawa kafin a ba shi kujerar, ya kulle yarjejeniyar a durowa. Ranar da na fara aiki ya fito da ita ya karanta mini wurin nan sau biyu, a hankali, kamar yana yi wa ɗan aji uku shifta.

Wata Litinin cikin bazara, an riga an rufe rajista da mako guda, mun tura wa makarantu jerin sunayensu don su duba, sai ga wani mutum ya faka babur a gindin dalbejiyar ofis. Dogo ne siriri, rigarsa ta jiƙe da gumi, ya cire takalmi tun kafin ya karanta takardar ƙofa. Ya ce shi ne hedimastan wata firamare a wani ƙauye gaba da Miga. Daga maganarsa ka san gidan makiyaya ya fito. Ya ce fom ashirin da huɗu ya kawo, jerin da aka mayar masa kuwa mutum ashirin da uku ne.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ya faɗa mini sunan wanda ya ɓace in duba. Ya ce in ƙirga dai, zan ga ɗaya babu. Na ce na yarda ɗaya babu, sunan nake tambaya. Ya kalli fanka, ya ce yarinya ce, tana cikin masu ƙoƙari, ba ta fashi. Na tambaya a karo na uku, muryata ta fara tashi, domin ina da saurin fushi a lokacin, har yanzu ma bai gama barina ba. Na ce masa wane irin hedimasta ne bai san sunan ɗalibarsa ba, ya taso tun daga Miga cikin wannan rana ya zo yana mana kacici-kacici. Ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hularsa.

Babbar mai buga takardunmu, wadda kowa ke kira Hajiya, tana gefe tana jinmu. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ta fara aiki tun zamanin tafireta, kuma ba ta taɓa kirana injiniya ba sai in za ta tsokane ni. Ta tashi ta gaishe da baƙon da Fillanci, ta ba shi kujera, ta je ta zaƙulo ƙunshin makarantarsa. Ta bi fom ɗin ɗaya bayan ɗaya har ta zaro guda, sannan ta yafito ni zuwa baranda. Komai na fom ɗin a cike yake da rubutu mai kyau, sai layin farko, wurin sunan ɗalibi, shi kaɗai babu komai. A wurin sunan mahaifi kuwa, sunan hedimastan ne da kansa.

Ta ce, "'Yarsa ce ta fari. Kai ba ka ce ɗan Kiyawa ne kai ba, ko daga ina aka kawo mana kai?"

Na ji kunya har cikin ƙashina. Ni da na tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari, na ga yadda uba ba ya kama sunansa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane, in ya tashi magana a kansa sai ya ce yaron nan. Shekara huɗu na jami'a sun sa na tsaya ina tsare dattijo da tambaya kamar ɗan sanda. Daga baya na ji yadda aka yi. Shi ya cike fom ɗin duka da hannunsa, da ya zo kan nata sai ya tsallake layin, da niyyar mataimakinsa ya rubuta. Mataimakin ya ɗaure ƙunshin bai duba ba. Hajiya kuma ta buga abin da ta gani, ta yi 'yar alamarta da jan biro a kusurwa kamar yadda take yi wa duk fom ɗin da ta shigar, tana zaton in akwai matsala na'ura za ta faɗa. Na'ura ba ta ce komai ba.

Na koma na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, ai aiki ne. Na ɗauki fom ɗin na nufi ofishin darakta ina ganin magana ta ƙare, layi ɗaya ne za a cike a sake shigarwa. Darakta ya saurare ni har na gama, ya ce a'a. Rajista ta rufu, kuma tun da ya hau kujerar bai taɓa ƙara suna bayan an rufe ba. Ya ce ni yaro ne ban san garin nan ba, ranar da ya buɗe wa mutum ɗaya, gobe motocin manya za su cika harabar, kowa da nasa fom ɗin da ya ce an manta. Ya ƙara da cewa kwamfuta ba ta zubar da abu, in an shigar yana ciki, in ba ya ciki ba a shigar ba. Na san maganarsa ta farko gaskiya ce, ta biyun ce ta tsaya mini a wuya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na nuna maka an shigar da ita kafin a rufe, na'urar ce ta jefar da ita ba ta faɗa wa kowa ba fa?"

Ya ce in na nuna masa haka a takarda, shi da kansa zai hau sama wurin shugabanni ya nemi a buɗe. Amma yana so ya gani kafin a tashi ranar Alhamis, domin bayan nan za a fara buga kati, kuma kada in kuskura in taɓa rubutun ɗan kwangila. Na fito na gaya wa hedimasta ya koma gida, za mu neme shi. Ya yi godiya, ya sa takalminsa, bai tambayi komai ba.

Ranar Talata na zauna na karanta rubutun furogiram ɗin tun daga farko, abin da ya kamata a ce na yi tun watan da na zo. A nan sai na ɗan yi bayani. Idan furogiram yana aiki ya ci karo da abin da bai san yadda zai yi da shi ba, kamar a ce masa ya adana yaro babu suna, ba ya ci gaba. Sai ya tsaya ya jefo kuskure, wato wata 'yar sanarwa mai cewa ga abin da ya faru, ga kuma inda ya faru. Mai rubuta furogiram yakan tanadi wurin da zai cafe wannan kuskure, ya rubuta abin da za a yi, ko a gaya wa mai aiki, ko a ajiye a sake gwadawa. In bai tanada ba, furogiram ya faɗi gaba ɗaya a gaban kowa, wanda shi ne abin da kowane ɗan kwangila ke tsoro ranar da manya suka zo gani.

Ɗan kwangilarmu ya tanadi wuraren cafewa, ba laifi. Ya tanada a ko'ina, na ƙirga har na gaji na bari. Sai dai duk wanda na buɗe babu komai a cikinsa. A cafe kuskure, a yi shiru, a wuce kan yaro na gaba. Shi ya sa furogiram ɗinsa bai taɓa faɗuwa ba, shi ya sa ake yabonsa a taro. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar. Na tashi na zaga bayan ofis na tsaya ina kallon duwatsun garin, ina zagin mutumin da ban taɓa gani ba, har aka kira azahar.

Gyaran da kowa ya sani shi ne ka bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya ka rubuta abin da ya kamata a ciki. Wannan zai ci mako biyu, kuma shi ne ainihin abin da aka hana ni. Ina cikin salla, Allah ya gafarta mini, wani abu ya faɗo mini. Watanni kafin nan, a wani kafen intanet mai farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi inda nake ƙarar da yammacin Asabar, na karanta labarin wata sabuwar hanya da ake ɗorawa a kan Java. Suna kiran abin da ake rubutawa asfek. Na sauko da kayan aikinta a lokacin, ya ci mini yini guda da faifai da yawa, na yi ta wasa da ita ba don ina da abin da zan yi da ita ba, sai don in ji na san abin da wasu ba su sani ba.

Ga yadda take. Maimakon ka shiga cikin furogiram kana gyara wuri-wuri, sai ka rubuta umarninka a takarda dabam, ka ce duk inda abu kaza ya faru a cikin furogiram ɗin nan, kafin ya faru ko bayan ya faru, a yi kaza. Lokacin da ake harhaɗa furogiram ɗin ya zama abin da na'ura za ta iya gudanarwa, sai kayan aikin ya saƙa umarninka a duk wuraren da suka dace da kwatancenka, rubutun asali kuma yana nan yadda yake. Da nake yi wa Hajiya bayani, na ce mata kamar ruwan rufi ne, ba sai ka hau soro kana tare shi da kwano ba, bokiti za ka ajiye a ƙarƙashin indararo. Ta ce ta gane, amma in yi sauri, bayani ba ya ba yarinya kati.

Umarni biyu na rubuta. Na farko, duk lokacin da furogiram zai juye yaro a rumbu, a lura da wane fom ne a hannu, daga wace makaranta, kuma wace rana aka buga shi. Na biyu, duk lokacin da ɗaya daga wuraren cafewar nan ya karɓi kuskure, kafin a kai ga shirun ɗan kwangila, a rubuta kuskuren a wani fayil tare da fom ɗin da ke hannu. Duka bai cika shafi ɗaya ba. Sa'ar da muka yi ita ce Hajiya ba ta yarda da kwamfuta ba, don haka fayil ɗin kowace rana na bana tana da kwafinsa a faifai, ta jera su a kwalin takalmi da kwanan wata a jiki. Shirina shi ne in ɗauki kwamfuta ta uku, in yi rumbu sabo wanda babu komai a ciki, in sake juye fayilolin duka tun daga ranar farko, asfek ɗina yana tsaye yana kallo.

Ranar Laraba da hantsi, da aka tayar da janareto, na harhaɗa na danna, na jingina da kujera na harɗe hannu. Har na kira sauran masu buga takardu su zo su gani. Minti kaɗan na'urar ta sandare, ko linzaminta ba ya motsi. Na kashe na kunna, ta sake yin haka. Hajiya ta leƙo ta saman tabaronta ta ce, "Injiniya, taka ma haɗiya take yi?" Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Sai bayan azahar na gano laifina, kuma nawa ne ni kaɗai. Na ce a kama kowane kuskure a ko'ina, ban ware komai ba. Ashe furogiram yana jefa ƙananan kurakurai barkatai waɗanda ba su cutar da kowa, kamar ya nemi firinta ya tarar a kashe. Duka suka yi ta zuba a fayil ɗina har ɗan faifan da na ba shi ya cika. Da ya cika, rubutawar ta gagara, wannan ma kuskure ne, kuma ni ma na tanadi wurin cafewa a cikin asfek ɗin. Sai asfek ya kama kuskuren kansa, ya je zai rubuta, ya kasa, ya sake kamawa, haka ya yi ta zagaye har na'ura ta suma. Gyaran layi biyu ne. Na ce ban da abin da ya faru a cikin asfek ɗin kansa, kuma ban da kuskuren da ya faru babu fom a hannu. Amma kafin in gama gwadawa man janareto na ranar ya ƙare, aka tashi. Na koma gida ina lissafin cewa saura yini ɗaya, tsoro kuma ya fara kama ni.

Ranar Alhamis na riga mai shara zuwa. Wannan karon ban kira kowa ba. Hajiya tana miƙo mini faifai ɗaya bayan ɗaya daga kwalinta, ni ina sawa. Wajen ƙarfe goma sha biyu muka juye na ƙarshe. Jerin da sabon rumbu ya fitar ya yi daidai da wanda muka tura wa makarantu, ba ragi ba ƙari. Sannan na buɗe fayil ɗin asfek na tura wa firinta. Na zata layi ɗaya zai fito, ko biyu. Firinta ta yi ta kuka har ta cika shafi biyu da rabi.

'Yar hedimasta tana shafi na biyu, ga makarantarta, ga ranar da aka buga ta, kwana tara kafin a rufe, ga dalili a gefe: babu suna. Irinta ba su da yawa. Mafi yawan sauran laifinsu ranar haihuwa ce. Furogiram yana son rana da wata da shekara, malaman ƙauye kuwa sun rubuta abin da iyaye suka sani, wani shekara kawai, wani ya rubuta shekara goma sha biyu, wani ma ya rubuta an haife shi da kaka. Duk yaron da iyayensa ba su haife shi a asibiti an ba su takarda ba yana cikin haɗari, kuma yawancinsu makarantunsu ba su ma lura ba tukuna. Na riƙe takardun ina jin abu biyu a lokaci ɗaya, tausayin yaran da kuma wani daɗi da ban taɓa ji ba, domin ni na kamo su.

Darakta ya karanta shafukan a tsaye, layi-layi, da yatsa. Ya sa aka kawo ƙunshi uku ya zaɓi fom da kansa ya gwada da abin da ke takarda, ya ga hatimi, ya ga jan biron Hajiya. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa rubutun ɗan kwangila. Na ajiye masa faifan mutumin, na ajiye nawa shafi ɗaya a gefe, na ce ko ɗigo ban canja ba, in ya so a kira shi ya duba. Ya juya shafin nawa ya ga bayansa babu komai, ya ce wannan ne kawai? Na ce shi ne kawai.

Ya zauna, ya cire tabarau, ya tambaya ko bara ma da wannan furogiram aka yi. Na ce da shi aka yi. Ya tambaya ko za a iya kamo na bara. Hajiya ta ce faifan bara an goge su an sake amfani da su. Sai ya ce waɗannan amana ce a wuyanmu, Allah ya yafe mana. Ya ɗauki hularsa da takardun ya hau sama. Kafin la'asar ya sauko da izini: an buɗe wa yaran da ke cikin shafukan nan kaɗai, ba ƙarin ko mutum ɗaya, makarantu su cike abin da ya rage zuwa Laraba, wanda ba a san ranar haihuwarsa ba a karɓi shekara.

Aka raba wasiƙu ta ofisoshin ƙananan hukumomi, ni kuwa na ce a ba ni na Miga in kai da kaina. Na ce don a yi sauri ne, amma gaskiyar ita ce ina so in ga fuskar mutumin nan. Ranar Litinin na hau mota zuwa Miga, daga nan ɗan acaɓa ya bi da ni ta cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa. Makarantar azuzuwa huɗu ce da bishiyar tsamiya, can gefe shanu suna kwance. Hedimasta ya tare ni a bakin ofishinsa, aka kawo mini fura a kwano. Na yi masa bayanin asfek da wuraren cafewa fiye da yadda ya nema, ya yi ta gyaɗa kai don ladabi. Sannan na zaro fom ɗin na ajiye a teburinsa, na ɗora biro a kai. Mataimakin nasa ba ya nan, ya tafi jana'iza wani gari. Wannan karon na kama bakina.

Ya dubi fom ɗin, ya tashi ya leƙa ƙofa, ya ce wa wata malama ta turo masa yarinyar nan ta layin gaba a aji shida. Ta shigo da farin hijabi, ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta kalli mahaifinta ba, shi ma ya juya yana gyara wasu littattafai a kan kabad da ba su buƙatar gyara. Na nuna mata layin. Ta rubuta sunanta a hankali, harafi-harafi, ta busa tawadar duk da biro ne, ta miƙo mini da hannu biyu ta fita. Da zan hau babur na ce wa hedimasta rubutun yarinyar nan ya fi na wasu ma'aikatanmu kyau. Ya ce ai duk 'yan ajin haka suke rubutu.

Washegari ni na buga fom ɗin da hannuna, Hajiya tana tsaye a kaina. Tun daga ranar asfek ɗin ya zauna a furogiram ɗin ofis. Na ƙara masa umarni na uku, cewa duk fom ɗin da ya kama a nuna wa mai aiki a fuskar kwamfuta da Hausa, a faɗi abin da ya rage, a ajiye shi gefe har a gyara. Shekarun da na yi a wurin ban sake jin an ce yaro ya ɓace ba. Na yi ayyuka da yawa bayan nan, waɗansu manya, a garuruwan da suka fi Dutse girma, amma in aka tambaye ni wanda na fi alfahari da shi, wannan shafi ɗayan ne.

Mako na gaba hedimastoci suka zo karɓar kati. Namu ya zo da hantsi, ya cire takalmi, ya sa hannu a littafi, Hajiya ta miƙa masa ƙunshinsa a ɗaure da roba. Na ce ya duba ko sun cika. Ya ce ba sai ya duba ba, ya yarda da mu, ya yi mana addu'a ya fita. Ni dai raina bai so haka ba, na so ya buɗe a gabana. Ina shirin komawa kujerata Hajiya ta taɓa hannun rigata ta nuna mini taga.

Yana tsaye a gefen babur ɗinsa ya ba ofis baya, yana ganin babu mai kallonsa. Ya cire robar, ya bi katunan da sauri har ya zo kan ɗaya, ya zaro shi. Ya daɗe yana kallonsa. Da ya ɗan juyo don ya kare shi daga rana, na ga leɓensa yana motsi, yana karanta sunan da ke jiki. Sannan ya mayar da katin tsakiyar sauran, ya ɗaure, ya sa a aljihun gaba, ya tayar da babur ya kama hanyar Miga.